Da me ake auna mai binciken sankara? Muhawarar da ta ɓarke a zaurenmu na Zariya

Hauwa'u Samaru: Assalamu alaikum iyayena da yayyena. Ina neman taimako. An ba mu aikin gabatarwa a aji, kowa ya zaɓi masanin sankara guda ya yi bayanin tasirinsa a fagen ilimi. Ni na zaɓi Farfesa Olufunmilayo Olopade, 'yar Najeriya da ke Jami'ar Shikago. Na buɗe shafinta na Google Scholar, manhajar da ke tattara takardun bincike da ƙirga ambatonsu, takardu ɗaruruwa, ambato dubun-dubata, har kaina ya ɗaure. To in na kwaso waɗannan lambobin na jera a allo, shi ke nan na gama? Su ne tasirin?

Yusuf Kongo: Wa alaikumus salam. Kwaso ki jera mana. Malami lamba yake so, ki ba shi lamba ki karɓi makinki.

Malam Bala Laburare: Yusuf, kar ka lalata mana yarinya. Hauwa'u, fara sanin me lambobin ke faɗa tukuna. Ambato shi ne duk sanda wani mai bincike ya rubuta takardarsa ya kafa hujja da tata, ya sa sunanta a jerin ƙarshe. Na'ura ce ke ƙirgawa, ba mutum ba. Ita kuma waccan lambar da ake kira h-indeks, wani masanin fiziya mai suna Jorge Hirsch ne ya fito da ita a 2005. In aka ce h ɗin mutum 20, to yana da takardu 20 da aka ambaci kowacce aƙalla sau 20. Dabarar ita ce a hana mutum biyu cin bulus: wanda takarda ɗaya tilo ta yi masa suna, da wanda ya tara tulin takardu ba mai karantawa. Kuma ki lura, lambar Google Scholar takan fi ta Scopus, wata ma'ajiyar takardun bincike irinta, don ita har kundin digiri take tattarowa, Scopus kuwa abin da ta tantance kaɗai.

Anti Sista Tudun Wada: Ni dai tambayata ɗaya ce, Malam Bala. Shekara talatin da biyu na yi ina wanke gyambon nono a ɗakin mata. Mace za ta zo daga Giwa ko Soba nonon ya riga ya fashe, an shafa masa duk abin da kuka sani da wanda ba ku sani ba. Wannan ambaton dubun-dubatar, wace ce a cikinsu ya taɓa?

Malam Bala Laburare: Anti, ai ba a yi lambar don ta auna wannan ba.

Anti Sista Tudun Wada: To kar a kira ta tasiri. A ce mata shahara a tsakanin masu rubutu.

Dakta Aminu: Anti, Allah ya huci zuciyarki, amma a kan wannan baiwar Allah ina ganin ba ki yi mata adalci ba. Hauwa'u, ga abin da ya kamata ki sani game da ita kafin lamba. A Ibadan ta yi karatun likita, ta gama a 1980, ta tafi Amurka. A Shikago ta zauna ƙarƙashin Janet Rowley, wadda ta nuna cewa musayar guntaye tsakanin sandunan gado na iya haddasa sankarar jini. Abin da ya dami Olopade shi ne, me ya sa baƙaƙen mata ke kamuwa da sankarar mama da ƙuruciya, kuma tasu ta fi zafi? A lokacin kusan duk abin da ke cikin littattafanmu daga jikin Turawa aka samo shi. Sai ta dawo gida neman amsa, suka fara tattara bayanan mata a Ibadan tun 1998. A 2005 aka ba ta kyautar MacArthur, a 2011 Obama ya sa ta cikin majalisar ba da shawara kan sankara ta Amurka.

Takardu biyu nake so ki karanta da kanki, ba taƙaitawar wani ba. Ta 2009, inda suka duba ƙarin mata 507 daga Najeriya da Senegal, suka ce kusan rubu'i ne kawai ke da maƙalin istirojin. Da ta 2018, inda suka gwada jinin mata 1,136 masu sankarar mama a Ibadan, suka tarar kashi 14.7 cikin ɗari na ɗauke da gurɓatacciyar ƙwayar gado, galibi BRCA1 da BRCA2. A lafiyayyun matan da aka kwatanta su da su, kashi 1.8 ne kacal.

Maman Ilham: Dakta don Allah a sauko da shi ƙasa, ba dukanmu muka yi boko mai zurfi ba. Mene ne maƙali kuma?

Dakta Aminu: Yi haƙuri Hajiya. Ki ɗauka ƙarin yana da ƙofofi da abincinsa ke shiga. Guda uku muke dubawa: ta istirojin, ta furojestaron, da wata HER2. In ƙofar istirojin na nan, akwai ƙwaya mai araha, tamoksifen, ana sha kullum har shekara biyar ko fiye, tana toshe ƙofar. In ta HER2 ce, akwai allurar Herceptin, sai dai tsada. In kuwa duk ukun babu, waɗannan magungunan ba su da inda za su kama, sai tiyata da kimo, wato magungunan kashe ƙwayoyin sankara, da gashin ƙarin da na'ura. Kin ga ke nan sanin wane iri ne ya fi yawa a matanmu ba zancen takarda ba ne kawai.

Baba Iro na Lab: Salamu alaikum. Jikata ce ta karanto mini, na ce a ba ni wayar. Aminu ɗana, ka faɗi rabi ka bar rabi. Ni na yi shekaru ina yanka tsoka ina zuba kakin zuma ina rinawa, na san abin da ke isowa gabanmu. Za a cire ƙari a asibitin ƙauye da safe, a ajiye shi a kwano, sai an tashi aiki wani ya tuna. A jefa ƙaton ƙari cikin kwalbar mayonis, a ɗiga masa fomalin, ruwan hana tsoka ruɓewa, da aka tsinka da ruwan famfo, a miƙa wa mijin ko ƙanin ya hau mota. Wani sai ya kwana uku da shi a gida yana neman kuɗin gwaji. Wajen ya dahu, cikin ya ruɓe. Ƙa'ida ita ce cikin awa ɗaya tsoka ta shiga fomalin mai kashi 10, a yanka ta yadda ruwan zai ratsa, ta zauna awa 6 zuwa 72. In ba a yi haka ba, ƙofar da kake faɗa takan mutu. Ka rina ka duba ka ce babu, alhali da akwai.

Dakta Aminu: Wallahi Baba gaskiya ne, kuma nan zan zo. A 2008 Farfesa Clement Adebamowo da abokan aikinsa, su ma a Ibadan, suka bi tsoka tun daga ɗakin tiyata da kulawa, suka samu kusan kashi 65 cikin ɗari na da maƙalin istirojin. Ƙasa ɗaya, rubu'i a can, kusan biyu bisa uku a nan. A 2014 wasu suka haɗa binciken Afirka da yawa suka auna, suka ga inda aka yi amfani da tsohuwar tsokar ajiya an fi samun "babu". Wannan bai share cewa irin mai zafin ya fi yawa a baƙaƙen mata ba, don an ga haka a Amurka inda fomalin ba matsala ba ne. Amma yawan nasa a nan gida har yanzu ana ja.

Hauwa'u Samaru: Innalillahi. To Baba, Dakta, ke nan takardar 2009 ɗin kuskure ce? Ita ce fa cikin waɗanda aka fi ambata kan Afirka.

Dakta Aminu: A'a, kar ki je aji ki ce haka. Tana cikin waɗanda suka sa mutane suka koma suka duba. Ki ce ta buɗe tambaya, ba ta rufe ta ba.

Malam Bala Laburare: Kin ga inda na'urar ke makancewa ke nan. Wanda ya ambace ki don ya yarda da ke, da wanda ya ambace ki don ya musa, duk ɗaya-ɗaya take rubutawa. Akwai takardar Wakefield ta 1998 da ta alaƙanta rigakafin ƙyanda da wata lalurar ƙwaƙwalwar yara. Mujallar Lancet ta janye ta a 2010, an ƙwace lasisin mutumin, amma lambar ambatonta ba ta daina hawa ba. Sannan takardar da ta daɗe tana kan gaba a yawan ambato a duniya ita ce ta Lowry ta 1951, hanyar auna furotin a ɗakin gwaji, sama da sau 300,000. Kowa ya auna furotin sai ya ambace shi. Aiki ne mai amfani, amma ba wanda zai ce ya fi duk wani bincike da aka taɓa yi.

Yusuf Kongo: Ashe har zagi ma riba ne a wajenku. Mu a shari'a in alƙali ya ambaci hukuncinka don ya rushe shi, ba ka zuwa gida kana murna.

Maman Ilham: Ku bar ni in faɗi nawa, don tun ɗazu zuciyata ke tafasa. Yayar mahaifiyata wannan ciwon ne ajalinta, sai ɗiyarta, tana da shekara 36. Da aka cire wa ɗiyar nono a wani asibiti, mu aka ba kwalbar, kamar yadda Baba ya faɗa, ni na riƙe ta a cinyata cikin baƙar leda daga can har Kwangila. Sakamako bai fito ba sai bayan wata biyu, lokacin ma ya koma hammata. Ba wanda ya taɓa ce mana abin na iya bin jini. A dangi cewa aka yi jifa ne, har aka daina gaisawa da wani gida. Yau a wannan zauren na fara jin wai akwai ƙwayar gado. Ta bar 'yan mata uku.

Anti Sista Tudun Wada: Allah ya jiƙansu da rahama. Kun ji abin da nake faɗa. An buga a 2018, an ambata a Landan da Tokyo, ga wadda abin ya shafa a Sabon Gari sai yau.

Dakta Aminu: Amin. Hajiya, Allah ya ba ku haƙuri. Uwa da 'ya, kuma 'yar ƙasa da arba'in, wannan gida ne da ya kamata likita ya zauna da shi. Ba yana nufin lallai yaran sun ɗauka ba. Ko da uwar na da ƙwayar, kowace ɗiya rabi da rabi ne. Ki yi mini magana ta gefe. Amma Anti, laifin wa? Ita ta yi nata, ta gano ta buga. Kai saƙon Sabon Gari aikinmu ne, ni da ke.

Anti Sista Tudun Wada: Ban ce laifinta ba ne, Dakta. Na ce ma'aunin naku ya tsaya a bakin ƙofar jami'a.

Baba Iro na Lab: Bari in ba ku labarin da malamanmu suka ba mu, ku auna shi da ma'aunin naku. Denis Burkitt likitan tiyata ne a asibitin Mulago na Kampala, ido ɗaya gare shi, kuma ba wani gogaggen mai bincike ba ne. Ya ga yara da kumburin muƙamuƙi, ya tattara 38 ya buga a 1958. Shiru, kusan ba wanda ya kula. Bai haƙura ba, ya aika wasiƙu da hotuna asibitocin Afirka yana tambaya ko kuna ganin wannan. A 1961 shi da abokansa biyu suka hau tsohuwar mota suka yi mil dubu goma suna bin asibitoci. Da suka zana taswira sai ga ciwon yana bin zafi da ruwan sama, ba ya hawa tsaunuka masu sanyi, wato yana kwance daidai inda zazzaɓin cizon sauro ya yi kaka-gida. A shekarar nan ya yi lacca a Landan, wani Anthony Epstein na zaune a ciki. Ya ce a aiko masa da tsokar. A 1964 shi da Yvonne Barr da Bert Achong suka ga ƙwayar bairos a ciki, ta farko da aka danganta da sankarar ɗan Adam. To in da a 1960 aka duba ambaton Burkitt, ko ƙarin girma ba zai samu ba.

Dakta Aminu: Baba ka bar namu. Victor Ngu, ɗan Kamaru, a Ibadan ya yi aikin warkar da yaran nan da kimo, kuma yana cikin waɗanda suka karɓi kyautar Lasker tare da Burkitt a 1972. Sannan akwai ƙwayoyin Raji. A 1963 a Ibadan, wani likita mai suna Pulvertaft ya raya su daga ƙarin wani yaro ɗan Najeriya mai shekara 11. Har gobe ana nomansu a ɗakunan gwaji na duniya, ana gwada magunguna a kansu.

Hauwa'u Samaru: Na taɓa ganin sunan Raji a takardu da yawa, wallahi na ɗauka sunan kamfani ne.

Malama Rabi: Ina ta karantawa na yi shiru, amma bari in shigo ta ɓangarenmu masu koyarwa, don ku san yadda lamba ke cin mutane. A wata jami'a da na taɓa aiki, ba ruwan kwamiti da me ka gano, nawa ka buga suke tambaya. To me kuke zato? Bincike ɗaya sai a kasa shi kashi huɗu kamar tumatur a kasuwa. "Sa ni a taka in sa ka a tawa" ya zama gaisuwa. Ga mujallun bogi da ke turo saƙo da daddare, ka biya yau gobe an buga, ko edita bai karanta ba. Mujallun kirki kuma da yawa kuɗin bugawarsu dala dubu biyu ne ko uku, albashin wata nawa ke nan? Ni na kwashe shekara uku ina bin mata masu sankarar bakin mahaifa, wace ta dawo, wace ta ɓace, me ya hana ta. Takarda ɗaya ta fito. Abokin aikina ya buga tara daga takardar tambayoyi da ya raba wa ɗalibai a aji. Ku faɗa mini wa ya riga wa.

Malam Bala Laburare: Malama, duk na yarda, kuma ba a nan kaɗai ba ne. Tun 2012 masana suka yi sanarwar San Faransisko cewa a daina auna mutum da darajar mujallar da ya buga a ciki. Amma zan kare lamba ta fuska ɗaya. Kafin ta, da me ake aunawa? Da wa ka sani, ɗan wane ne kai, wa ka gaisar ranar Sallah. Yarinya irin Hauwa'u da ba ta da kowa, in aikinta ya yi kyau aka ambace shi a Indiya da Barazil, ba shugaban sashen da ya isa ya goge. Lamba makauniya ce, amma makantar tata wani lokaci ita ce adalcinta.

Malama Rabi: Makauniya ce mai jin Turanci kawai, kuma ta fi son unguwar masu kuɗi. Mai binciken sankarar mama a Amurka yana da dubban abokan fage da za su ambace shi. Mai binciken ciwon da ya fi damun Hunƙuyi, mutum nawa ne a fagensa duk duniya?

Baba Iro na Lab: Amma kar ku raina garin nan. Likitan mata Kelsey Harrison a nan Zariya ya bi haihuwa 22,774 ɗaya bayan ɗaya, aka buga a 1985, ya nuna yadda rashin awo da rashin karatun mace ke kashe masu haihuwa. Duniya ta ji shi. Ba na'ura mai tsada ya yi amfani da ita ba, rajista ce da ba a tsallake layi. Ba sankara ba ce, na sani, amma ita ma sankarar abin da take nema a wajenmu ke nan: a rubuta wa ya zo, me aka gani, ina ya ƙare.

Anti Sista Tudun Wada: Nan na yarda da kai, Yaya Iro. Kuma bari in rage wa kaina zafi, don Dakta ya ce ban yi adalci ba. Jikata ta sha allurar rigakafin sankarar bakin mahaifa a makaranta. Na tambaya aka ce wani Bajamushe ne, zur Hausen, ya gano ƙwayar HPV 16 a cikin ƙarin a 1983, lokacin da manyan fagen ke zargin wata ƙwayar daban. Rigakafin ya fito 2006, ya samu Nobel 2008, Najeriya ta sa shi cikin rigakafin yau da kullum a Oktoban 2023, ga 'yan mata masu shekara 9 zuwa 14. Daga takardarsa zuwa damtsen jikata shekara arba'in. To na yarda yana isowa. Matan da na wanke wa gyambo dai ba su jira shi ba.

Yusuf Kongo: To Hauwa'u, kin zo neman amsa ɗaya an ba ki kwando. Me za ki faɗa wa malamin?

Hauwa'u Samaru: Zan sa lambobin a shafi ɗaya, da ranar da na duba da inda na duba, kamar yadda Malam Bala ya nuna. Sauran lokacin zan tsaya kan takardun nan biyu, da ta Adebamowo a gefensu, da zancen fomalin ɗin Baba. Maman Ilham, in kin yarda zan ba da labarin kwalbar, ba suna ba unguwa.

Maman Ilham: Na yarda. Ki ce musu wata biyu muka jira.

Malam Bala Laburare: Shafi ɗaya ya yi kaɗan, ki ƙara da jerin waɗanda suka yi rubutu tare da ita daga Ibadan, a ga mutum nawa suka taso a hannunta. Wannan ma ana iya ƙirga shi. Ki same ni a laburaren Kashim Ibrahim ranar Litinin in nuna miki yadda ake fito da shi daga Scopus.

Malama Rabi: Ka ga ka sake komawa ƙirge.

Malam Bala Laburare: Sana'ata ce, Malama.

Baba Iro na Lab: Hauwa'u, in kin fito daga wajensa ki biyo ta Ƙofar Doka bayan La'asar. Ina da tsofaffin gilasai biyu a akwati, ɗaya tsokar da ta shiga fomalin kan lokaci, ɗaya wadda ta kwana a leda. Ki tafi da su sashenku ki ɗora a madubi ki ɗauki hoto. Amma ki dawo mini da su.